Harajin shigo da magunguna da kayan asibiti a Najeriya

Harajin shigo da magunguna da kayan asibiti kuɗin fito ne da gwamnatin tarayya ke karɓa a kan magani, sinadaran haɗa shi, na'urorin asibiti da ƙananan kayan aiki irin su sirinji, bandeji da safar hannu idan an kawo su daga ƙasashen waje. Hukumar Kwastam ta Najeriya ce ke karɓarsa, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya kuma ke tsara shi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa harkar kwastam cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, saboda haka jihohi kamar Bauchi da Gombe ba su da ta cewa wajen yanka shi, ko da yake a kemis-kemis da asibitocinsu ake biyan sakamakonsa. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta daɗe tana ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a ƙasar daga waje ake kawo su, akasari daga Indiya da Sin.

Yadda ake lissafinsa

Kowane kaya yana da lambarsa a tsarin rarraba kayayyaki na Ƙungiyar Kwastam ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1988. Magunguna suna babi na 30: allurar rigakafi da maganin dafin maciji suna ƙarƙashin 3002, maganin da aka riga aka ƙunsa don sayarwa yana 3004, auduga da bandeji suna 3005. Kayan tiyata da sirinji kuwa suna can babi na 90, a lamba 9018. Lambar da kaya ya faɗa a ciki ita ke nuna kason da za a biya, shi ya sa yawancin jayayyar da ake yi tsakanin 'yan kasuwa da jami'an kwastam a kan lamba take.

Ana cire kason ne daga jimillar kuɗin kaya da na jigila da na inshora, bayan an mayar da ita naira bisa canjin da kwastam ke aiki da shi a ranar. A nan ne faɗuwar naira ke shiga. A ɗauki kaya na dala 10,000 mai harajin kashi 5, wato dala 500. Lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, kafin a saki naira a watan Yunin 2023, harajin naira 230,000 ne. Da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, harajin kayan nan ya koma naira 750,000, alhali ba a taɓa kason ba ko kaɗan. Ban da wannan akwai ƙananan kuɗaɗe da ake ɗorawa, kamar rabin kashi ɗaya na ECOWAS, da kuɗin tashar jiragen ruwa, da kuɗin ajiya idan kwantena ta yi kwanaki ba a fitar da ita ba. Harajin VAT ya koma kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020, amma doka ta keɓe magunguna da kayan asibiti daga biyansa.

Harajin bai-ɗaya na ECOWAS

Shugabannin ECOWAS sun amince da harajin bai-ɗaya a Dakar a watan Oktoban 2013, ya kuma fara aiki a 2015. Matakansa biyar ne: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35. An sa maganin da aka gama haɗawa a matakin sifili, a matsayin kayan da talaka ba zai iya rayuwa ba sai da su. Niyyar mai kyau ce, kuma ta dace da ƙasashen yankin da ba su da masana'antun magani.

A Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a yankin yawan masana'antun magani, tsarin ya zo a birkice. Sinadarai, kwalabe, kwalaye da sauran kayan ƙunshi sun faɗa matakan kashi 5 zuwa 20. Ke nan wanda ya sayo ƙwayar magani a shirye daga Mumbai ba zai biya komai ba, shi kuwa mai masana'anta a Legas ko Ogun da ya sayo garin sinadarin don ya buga ƙwayar a gida, ya ɗauki ma'aikata, ya ƙona man janareta, sai ya biya. Reshen masu haɗa magunguna na ƙungiyar masu masana'antu ta Najeriya ya yi ta ƙorafi, har gwamnati ta yi amfani da damar da tsarin ya ba wa ƙasashe na ƙarin haraji na wucin gadi, ta ɗora kashi 20 a kan wasu rukunan magungunan waje a manufofin kuɗi na 2016. Masu shigo da magani suka ce wannan tsada ce aka jibga wa marasa lafiya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai gyaran ya taɓa farashin maganin waje ne kawai, bai rage wa mai masana'anta ko sisi daga kuɗin sinadarinsa ba.

Akwai kuma jerin kayan da aka haramta shigo da su ɗungum. A cikinsu akwai farasitamol na ƙwaya da na ruwa, metronidazol, kulorokwin, asfirin, magungunan ƙarin jini da ruwan da ake yi wa marar lafiya ƙari da shi. Hujjar ita ce masana'antun gida za su iya wadatar da ƙasa da su. Tun 2019 NAFDAC ta ƙara da wata ƙa'ida: maganin da za a iya haɗawa a gida ana yi masa rajistar shigowa ta shekara biyar, a sabunta sau ɗaya, daga nan mai shi ya dawo da aikin haɗawa cikin ƙasa.

Umarnin shugaban ƙasa na 2024

Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa ta kai-tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023, takwaransa Sanofi ya bi sahu a Nuwamba, farashin magunguna irin su Augmentin da Ventolin kuma ya yi tashin gwauron zabi. A ƙarshen watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya ɗage harajin kwastam da VAT na tsawon shekara biyu a kan injuna, sinadarai da kayan ƙunshi da masu haɗa magani, sirinji, gidan sauro da kayan gwaji ke buƙata. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau a jihar Bauchi, shi ya sanar da shi. Sai a watan Maris na 2025 kwastam ta bayyana fara aiwatarwa, kuma rangwamen na masana'antun da ma'aikatar lafiya ta tantance ne kawai. Wannan umarni ya nufi ainihin gurguntar da tsarin ECOWAS ya haifar, sai dai shekara biyu gajeren wa'adi ne ga mai tunanin kafa masana'anta.

Dokokin cinikayyar duniya

Najeriya na cikin Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, tun kafuwarta a 1995, kuma 'yar Najeriya, Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabantarta tun watan Maris na 2021. Akwai yarjejeniyar 1994 da ta soke haraji a kan magunguna, amma 'yan ƙasashe ne a cikinta, irin su Amurka, Tarayyar Turai, Japan, Kanada da Suwizalan. Najeriya ba ta ciki, haka ma Indiya da Sin. Rahoton ƙungiyar na watan Afrilun 2020 ya nuna matsakaicin haraji a kan kayan lafiya a duniya kashi 4.8 ne, na magani kashi 2.1, na kayan kariya irin su takunkumin fuska kashi 11.5. A lokacin annobar korona hana fitar da kaya ya fi haraji yin ɓarna: a watan Maris na 2020 Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna 26, har da farasitamol, wanda masana'antun Najeriya ke dogara da garinsa daga waje. Najeriya ta kuma sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yamai a watan Yulin 2019.

A Bauchi da Gombe

Jihohin biyu ba su da iyaka da wata ƙasa, ko da yake hedikwatar shiyya ta huɗu ta kwastam a Bauchi take, kuma aikinta a nan ya fi karkata ga tare kayan fasa-ƙwauri a hanya. NAFDAC ta hana shigo da magani ta iyakokin ƙasa tun zamanin tsohuwar shugabarta Dora Akunyili, saboda haka halattaccen magani ta tashoshin ruwa da filayen jirgin sama yake shigowa. Daga Legas ko Onica yakan biyo ta Kano, inda aka mayar da dillalan magani na Sabon Gari zuwa cibiyar sarin magani ta Ɗangwauro a 2024, sannan ya iso hannun masu kemis a Bauchi, Azare, Gombe da Billiri. Kowane zango da ribarsa da kuɗin motarsa, kuma ana ɗora ribar ne a kan farashin da haraji ya riga ya shiga. Manyan asibitoci kamar na koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na tarayya da ke Gombe suna sayen kayansu ne daga wannan kasuwa, yawancin marasa lafiya kuma daga aljihunsu suke biya. Jihohin biyu sun kafa hukumomin kula da magunguna da kayan asibiti don sayen sari da rage yawan dillalai, wanda shi ne ɗan abin da jiha ke da iko a kansa.

Asibitin masu saran maciji na Kaltungo, a jihar Gombe, ya nuna iyakar abin da haraji zai iya yi. Kububuwa ce ke saran yawancin manoma da makiyayan da ake kai wa can, musamman lokacin shuka da girbi. Maganin EchiTAb da ke aiki a kanta an samar da shi ne da dafin macizan Najeriya, amma a Birtaniya da Kosta Rika ake haɗa shi, sannan a sayo shi da kuɗin waje. Babu masana'antar gida da haraji zai kare a wannan fanni, kuma ko an yafe harajin gaba ɗaya, farashin kwalba yana bin dala ne. Idan maganin kyauta da gwamnati ke bayarwa ya ƙare, dangin marar lafiya ne ke nemo kuɗin, wani lokaci ta hanyar sayar da dabba ko hatsi.