Waiwaye: tarin masu aikin katifa a Legas da sauyin sinadarin da aka manta

Maganar lafiyar masu aiki a kamfanonin katifa ba ta ƙarewa a majalisun Agege da Mile 12 da Idi-Araba, unguwannin da 'yan Arewa ke fita aikin lebura zuwa Ikeja da Ilupeju da Ikorodu, wasu har Ota da Agbara. Wani ya ce laifin yaran ne, ana ba su takunkumi su rataye a wuya. Wani ya ce sanyin damina ne ke sa su tarin dare. A ganinmu duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki, domin abin ya samo asali tun kafin a haifi yawancin masu wannan tari.

Farkon labarin sananne ne. A 1937 masanin sinadarai Otto Bayer ya gano hanyar haɗa nau'in robar da ake yin soson katifa da ita a Jamus, a shekarun 1950 aka fara yin soso mai laushi don kasuwa, a shekarun 1960 kuma sana'ar ta kafu a Ikeja, katifar soso ta soma ture ta rimi da ta auduga. Haɗin bai sauya sosai ba: a kan kilo 100 na foliyol, wato babban ruwan sinadarin da ake yin soso da shi, ana zuba wani sinadari mai suna TDI wajen kilo 50 zuwa 60, ruwa kilo 4 zuwa 5, sai 'yan sinadaran da ke hanzarta haɗuwar. Ruwa da TDI su ke fitar da iskar da ke kumbura soson kamar ƙullin burodi. Tun 1951 likitoci suka rubuta cewa TDI na haddasa asma. Alamarta ba ta cika bayyana a bakin aiki ba. Sai mutum ya koma gida cikin dare ƙirji ya ɗaure, ranar hutu ya ji dama, ya koma aiki abin ya dawo. Idan jiki ya riga ya ƙi jinin sinadarin, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ciwon.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru da sinadari na biyu. Haɗuwar ruwa da TDI na fitar da zafi, tsakiyar dunƙulen soso kan kai digiri 140 zuwa 165 a ma'aunin Salshiyas. Mai son soso mara nauyi, wanda shi ne mai araha, dole ya ƙara iska a ciki. In ya ƙara ruwa ya wuce kima, zafin kan ƙona cikin dunƙulen, har ya kama da wuta a ɗakin ajiya. Shi ya sa ake haɗawa da wani ruwa mai saurin zama tururi, ya shanye zafin, ya ƙara kumburi, ya tausasa soson. Shekara da shekaru CFC-11 ne ke wannan aikin. Ba ya cin wuta, kuma illarsa ga mai shaƙa kaɗan ce idan aka kwatanta da wanda ya gaje shi.

Sai aka tabbatar CFC na cinye rufin ozon da ke sararin sama, mai kare duniya daga sashen hasken rana mai cutarwa. Aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, Najeriya ta shiga a 1988, aka ba ƙasashe masu tasowa zuwa 2010 su daina amfani da shi. Wannan mataki daidai ne, ba mu da ja a kansa. Amma abin da ya fi sauƙin maye gurbin CFC-11 a injin da ake da shi, ba tare da sayen sabo ba, shi ne wani ruwan sinadari mai suna metilin kulorayid. Yana tafasa a digiri 40, yana da araha, ana zuba shi ta kusan hanya ɗaya. Masu yin soso da yawa a Najeriya suka koma kansa daga shekarun 1990.

Ga inda gizo ke saƙar. Metilin kulorayid ba ya zama cikin katifa. Duk abin da aka zuba, wanda a soso mara nauyi kan kai kilo 10 zuwa 20 a kan kowane kilo 100 na foliyol, fita yake ya shiga iskar wurin aiki, wani sashe a lokacin da soson ke tashi, saura a cikin awa 24 ko fiye da dunƙulen ke hucewa. Tururinsa ya fi iska nauyi kusan sau uku, don haka ƙasa yake kwantawa: ramin inji, lungun ɗakin ajiya, inda mai shara ke sunkuyawa, inda mai gadi ko lebura ke shimfiɗa kwali ya ɗan kishingiɗa. Fankar da aka kafa a rufi don ta kwashe zafi ba ta kai wa nan. Idan tururin ya shiga jiki, hanta na mayar da wani sashensa iskar nan mai kisa ta hayaƙin janareta, jini ya kasa ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Daga nan ne ciwon kai da jiri da kasala suke, ga mai ciwon zuciya kuma haɗarin ya fi haka. A 2014 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa. A Amurka an rage iyakar shaƙarsa a 1997 daga kashi 500 cikin miliyan zuwa 25, a 2024 aka haramta mafi yawan amfani da shi. Hanci ba ya jin warinsa sai ya wuce wannan iyaka nesa, haka ma TDI.

Inda aka yi sauyin bisa ƙa'ida, an haɗa shi da rufe hanyar da soso ke bi da kafa fankokin zuƙe iska. Sai dai fanka na cin wuta, wuta kuma a Legas dizal ce, ga bel da ke tsinkewa da bututu da ke toshewa da ɓurɓushin soso. Ƙananan masu yi a akwati, waɗanda ke auna sinadari da bokiti su juye da hannu, su ne suka fi shiga uku, domin fuskar mai juyewa tana kan akwatin a daidai daƙiƙun da tururi ke tashi. Sannan tsadar rayuwa na tura mai saye wajen katifa mafi araha, ita ce kuwa mafi cin wannan sinadari. Ana kuma wanke bakin injin haɗi da shi bayan kowane zubi, wasu har su goge hannu da shi.

Wannan ne ya sa zancen takunkumi bai gamsar da mu ba. Takunkumin takarda ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake. Mai gwangwanin gawayi ma metilin kulorayid na ratsa shi da wuri, abin da ke tare shi shi ne wanda ake turo wa iska ta tiyo. Safar hannun roba ta asibiti minti kaɗan take yi ya huda ta. Abin da ke aiki shi ne a zuƙe tururin daga inda yake fita, a sa mazuƙa kusa da ƙasa, a raba ɗakin hucewa da wurin yanka, a riƙa auna iska, a gwada huhun ma'aikaci ranar ɗauka da kuma lokaci-lokaci. Akwai injinan da ke kumbura soso da iskar kabon da aka mayar ruwa ko ta rage matsin iska, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta tanadi samar da iska a wurin aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da ciwon da aiki ya jawo. Amma leburan da ake biya kullum, ba takarda ba rajista, in ƙirjinsa ya ɗaure yakan bar aikin ya koma gida Arewa, can a yi ta maganin sanyi ba wanda ya tambaye shi aikin da ya yi. Haɗarin kuma na bin durom ya fita ƙofar kamfani. 'Yan gwangwan na sayen duromin TDI, wasu su kai ga masu tara ruwa. Sauran da ke gindinsa in ya haɗu da ruwa aka rufe murfi, iska na taruwa har ya fashe. Kafin durom ya fita daga kamfani ya kamata a zuba masa ruwa mai kashi 5 zuwa 10 na sodar wanki da ɗan sabulun ruwa, a bar shi a buɗe kwana biyu, a huda shi yadda ba zai sake riƙe ruwa ba.