"Inji ya cije": me bakanike yake nufi?

Bakanike ya gama haɗa injin da aka sauke, ya sa sifana a kan fulin gaba, wato faifan da bel ke zagayawa, zai juya injin, ya ji ƙam. Sai ka ji ya ce, "Oga, ya cije." Wannan cijewar daban take da ta injin da ya ƙone a hanya don rashin baƙin mai. A nan kayan sababbi ne, amma kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistoci (ƙarafunan da ke hawa da sauka cikin inji) ke juyawa, ya ƙi sakewa a mazauninsa.

Yawanci maganar tana ga metal, ƙarafunan nan masu siffar rabin wata da kiranshaf ke kwanciya a kansu. Tsakaninsu akwai 'yar ratar da mai ke bi, kamar milimita 0.02 zuwa 0.06 a ƙananan motoci. Silin gashi ma ya fi ta kauri. Ƙwayar yashi ɗaya a bayan metal ta isa ta cinye ratar, ga shi kuwa a kan kwali ake haɗa inji a gareji da yawa, iskar hunturu na kaɗawa.

Akwai kuma batun lamba. Idan aka gurje kiranshaf aka rage milimita 0.25, sai a sa masa metal mai lamba 010, wanda ya fi kauri. Ka ɗora irinsa a kan wanda ba a taɓa gurzawa ba, ko motsi ba zai yi ba. Murafen da ke danne kiranshaf su ma kowanne da gurbinsa da inda yake fuskanta. Musanya biyu kawai ta isa.

Mai hankali ba ya jira sai ya gama haɗi. Kiranshaf kaɗai yake fara kwantarwa, ya shafa mai, ya ɗaure murfi ɗaya daidai ƙa'ida, ya juya da hannu, sannan na gaba. Wanda aka ɗaure abu ya yi tauri, shi ne mai laifin. A kwance shi za a ga wurin da metal ya yi ƙyalli, inda ya gogu. Idan duka sun wuce lafiya, sai fistoci ɗaya bayan ɗaya. Ɗan nauyin sabon ringi, wato zoben da ke jikin fistoci, ba komai ba ne; tauri a wuri guda cikin zagaye kuwa yana iya nuna kiranshaf ya lanƙwashe.

Wanda ba na yarda da shi shi ne mai cewa, "A ja ta da wata mota, zai saki." Zai saki kam, bayan ya ci metal ɗin, garin ƙarfen ya bi mai ya zagaye injin.