Lamba 398.2 da ƙananan yara a laburaren firamare na Amurka

398.2 lamba ce a tsarin Dewey na jera littattafai, kuma nan ne mazaunin tatsuniyoyi a yawancin laburaren makarantun firamare na Amurka. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne ba a ɓangaren ƙagaggun labarai take ba, tana can tsakiyar littattafan ilimi. Shi ya sa duk makarantar da ta ce 'yan aji ɗaya ba su isa ɗaukar littafin ilimi ba, to ta raba su da tatsuniya ma, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Melvil Dewey ne ya fito da tsarin a 1876 lokacin yana aiki a laburaren kwalejin Amherst da ke jihar Massachusetts. Ya kasa ilimi gida 10, daga 000 har 999, gidan 300 na zamantakewa ne, a cikinsa 390 na al'adu, sai 398 na adabin baka. Hujjar ita ce tatsuniya ba ta da marubuci guda, gadon jama'a ce, dan haka ana kallonta a matsayin shaida kan yadda al'umma ke rayuwa da tunani. Da za a kai Gizo da Ƙoƙi can, 398.2 za su sauka, wajen da Anansi na Ashantawan Gana yake. Kacici-kacici yana 398.6, waƙoƙin reno 398.8, karin magana kuma 398.9. Amma labarin da wani marubuci ya ƙirƙira da kansa, ko da ya yi kama da tatsuniya sak, galibi ba nan ake sa shi ba.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka kawo aji laburare, galibi sau ɗaya a mako. Akwai ƙananan kantoci masu alamar E, na littattafan hoto masu sauƙi, kuma a makarantu da dama an saba ce wa 'yan nasare da 'yan aji ɗaya su tsaya nan kawai, kowa ya ɗauki ɗaya a koma aji. Masu yin haka fa suna da dalilansu, ba mugunta ba ce. Kantocin littattafan ilimi sun fi tsawo, lambobinsu da ɗigo ne a tsakiya alhali sai wajen aji huɗu ake koyar da irin wannan lissafin, kuma yaro in ya zaro littafi ya cusa shi wani waje daban to kamar ya ɓata ne, ga mai kula da laburaren sau da yawa ita kaɗai ce ba mataimaki, kafin ta gama gyara kantar wani ajin ya riga ya yi layi a ƙofa. Wasu iyayen ma ba sa son tatsuniyoyin Turai na asali saboda mayu da kerkeci mai haɗiye mutane.

Sai dai kuma ɗan shekara 5 ba ruwansa da wannan lissafin. Shi dainoso yake so, wato manyan dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, yana 567.9, ko kifin shak da macizai a wajen 597, ko motoci a 629, kuma ko bai iya karanta layi ɗaya ba zai zauna ya ƙura wa hoton ido ya yi ta jefo tambaya. Ƙungiyar laburarori ta Amurka, ALA, tana da kundin haƙƙin mai karatu tun 1939, a 1967 aka ƙara kalmar shekaru a ciki, wato ba a tauye wa mutum laburare dan yana ƙarami. A 2000 kuma wata masaniyar harkar ilimi mai suna Nell Duke ta wallafa binciken da ta yi a azuzuwa 20 na 'yan aji ɗaya a yankin Boston, ta samu minti 3.6 kacal ake kashewa a rana kan rubutun ilimi, a makarantun 'ya'yan talakawa ma bai kai minti 2 ba. Wannan adadi ya zaga sosai. Daga 2001 aka fara ba da lambar yabo ta Sibert ga littafin ilimi na yara, sannan manhajar Common Core ta 2010 ta nemi karatun firamare ya zama rabi labari rabi ilimi, daga nan kam ya yi wuya a kare tsohuwar dokar hana ƙanana ɗaukar littafin ilimi.

Dabarun da ake bi yanzu ba wasu masu tsada ba ne. Ana zuba littattafan ilimi masu sauƙi a kwanduna a ƙasa, a manna hoton kare ko na farin wata a jiki, bangon littafin yana kallon yaro. Wasu suna raba wa yara 'yar sanda mai faɗi, har da irin wadda ake dama fenti da ita, yaro ya soka ta a gurbin littafin da ya zaro, in bai yi masa ba ya mayar daidai. Ita kuwa 398.2 laburarori da yawa sun ciro ta gaba ɗaya sun ba ta kantarta kusa da littattafan hoto, lambar tana nan a ƙashin bayan littafin ba a canza ba, wajen zama kawai aka sauya mata.