Waiwaye: rigimar bai wa shugabannin ƙasashen gaba lasifika a jami'o'in Amurka

Duk sanda wata jami'a a Amurka ta sanar cewa wani shugaba daga ƙasar da ba sa ga-maciji da gwamnatin Amurka zai zo ya yi lacca, kafin gari ya waye soshiyal midiya ta kama da wuta. Wasu su ce cin amanar ƙasa ne, ta yaya za ka shimfiɗa wa maƙiyinka tabarma a tsakar gidanka, wasu kuma su ce ai jami'a wajen jin kowace irin magana ce, in ba a ji ta a can ba a ina za a ji. Tsofaffin ɗalibai su fara barazanar janye gudummawar da suke bayarwa, ƴan gudun hijirar ƙasar baƙon su fito da hotunan ƴan uwansu da ke tsare, a yi kwana biyu ana cacar baki, taro ya wuce, a bar maganar sai wani karon. Abin da ke damuna shi ne yadda kullum ake yinta kamar jiya aka fara. Rigimar nan fa ta haura shekara 90.

A Disambar 1933 jakadan Jamus ta zamanin ƴan Nazi, Hans Luther, ya yi jawabi a jami'ar Columbia da ke Niyok, ɗalibai na waje cikin sanyi suna zanga-zanga. A Afrilun 1959 Fidel Castro, wata uku da ƴan kai bayan juyin juya halin Kyuba, ya zaga Princeton da Columbia da Harvard, dubban mutane suka fito kallonsa, ba a cika shekara biyu ba Amurka ta yanke hulɗa da Kyuba a Janairun 1961. A Satumbar 1959 ɗin dai Nikita Khrushchev na Tarayyar Sobiyet ya leƙa jami'ar jihar Iowa. Jiang Zemin na Sin ya je Harvard a Nuwambar 1997, ana jiyo ihun masu zanga-zanga har cikin zaure. A 2006 Gaddafi ya yi magana da wani taro a Columbia ta bidiyo, Mohammad Khatami tsohon shugaban Iran kuma ya je Harvard ranar 10 ga Satumba, ana gobe cika shekara 5 da harin 11 ga Satumba. Sai wadda kowa ya fi tunawa, Mahmoud Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin, a Columbia ranar 24 ga Satumbar 2007.

In kun lura watan Satumba na yawan dawowa a lissafin nan, kuma da dalili. Lokacin ne ake babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma yarjejeniyar da Amurka ta sa wa hannu a 1947 kan mazaunin majalisar ta wajabta mata barin wakilan ƙasashe su shigo, ko tana shiri da su ko ba ta yi. Jami'an diflomasiyyar wasu ƙasashen ma an taƙaita musu yawo, ba sa wuce mil 25 daga tsakiyar Niyok sai da izini. Toh jami'ar da ke cikin wannan da'irar ita ce baƙo zai iya takawa ba tare da wahala ba, shi ya sa sunan Columbia ke ta maimaituwa.

Duk waɗannan an san su, ana jero su duk lokacin da rigima ta tashi. Wanda ba a cika kawowa ba, kuma ni a ganina daga nan ne komai ya juya, ya faru ne nesa da Niyok, a wani ɗan gari mai suna Chapel Hill a jihar Karolina ta Arewa, inda jami'ar jihar take, kuma ko shugaban ƙasa ɗaya babu a cikin labarin.

A ƙarshen Yunin 1963 jihar ta samu wata doka da ta haramta wa mutum iri uku yin jawabi a harabar duk wata jami'a ko kwalejin da gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyi: wanda aka san ɗan jam'iyyar kwaminis ne, wanda aka san yana kiran a kifar da tsarin mulki, da wanda aka taɓa tambayarsa kan alaƙa da kwaminisanci ya ƙi amsawa ya fake da haƙƙin yin shiru da tsarin mulki ya ba shi. Sai mutum ya tuna yanayin lokacin kafin ya gane. Wata takwas ke nan da rikicin makamai masu linzami na Kyuba, lokacin da mutane suka kwanta ba su da tabbas ko za su wayi gari, ga zanga-zangar neman ƴancin baƙaƙen fata ta cika titunan Raleigh babban birnin jihar, iyaye da yawa tsakani da Allah suke tsoron a juya wa ƴaƴansu tunani a makaranta. Tsoron na gaske ne, ni ban raina shi ba.

Amma da aka zo aiki da dokar sai abu ya cakuɗe. Ka gayyato masanin kimiyya daga wata ƙasa ya zo ya yi bayani kan bincikensa, dole sai ka fara tambayarsa wace jam'iyya ya taɓa shiga, wasu suka ce ba za su amsa ba suka fasa zuwa. Ƙungiyar da ke tantance ingancin jami'o'in kudancin Amurka ta yi gargaɗin za ta iya janye amincewarta, wanda hakan na nufin kwalin digirin ɗalibai ya rasa daraja. A Nuwambar 1965 aka yi wa dokar kwaskwarima, aka mayar da ikon cewa e ko a'a hannun hukumomin makarantun, amma dai takunkumin na nan.

Sai ɗalibai suka yanke shawarar gwada ta. A farkon 1966 suka gayyaci mutum biyu da suka san sun faɗa cikin waɗanda aka hana. Ɗaya Frank Wilkinson, wanda ya yi zaman gidan yari saboda ƙin amsa tambayoyin wani kwamitin majalisar dokokin ƙasa. Ɗayan Herbert Aptheker, masanin tarihi kuma ɗan jam'iyyar kwaminis da bai ɓoye ba, wanda bai daɗe da dawowa daga Hanoi ba, ana tsaka da yaƙin Biyetnam, wato a idon mutane da yawa daga gidan abokan gaba ya fito kai tsaye. Ba a ba su izinin magana a harabar ba.

Akwai wata ƴar gajeriyar katangar dutse da ta raba filin jami'ar da titin Franklin, ko ƙugu ba ta kai ba, yaro ma zai tsallake. Cikin katanga filin jami'a ne, doka na aiki. Wajenta gefen titi ne na gari, kowa na da damar tsayawa ya yi magana. A watan Maris na 1966, a ranaku daban-daban mako guda tsakani, kowannensu ya tsaya a gefen titi ta waje, ɗalibai sama da dubu suka taru a kan ciyawa ta ciki ƙarƙashin bishiyoyi suna saurare. Tsakanin mai magana da na sahun gaba bai fi taku biyu uku ba. Ba dandamali, ba kujerar alfarma, ba tambarin makaranta a bayansa. Mutum ne a tsaye a bakin hanya, da matasa da suka ce mu dai sai mun ji da kunnenmu. Yawancinsu ma ba ra'ayinsa suke ba, shugabannin ƙungiyar ɗalibai ne da masu jaridar makaranta da ƴan aji na yau da kullum waɗanda abin da ya ɓata musu rai shi ne a yanke musu hukuncin abin da kunnensu zai iya ɗauka.

Daga nan suka shigar da ƙara, shugaban ƙungiyar ɗalibai Paul Dickson na kan gaba, a Fabrairun 1968 alƙalai uku na kotun tarayya a Greensboro suka soke dokar, suka ce kalmominta sun yi faɗi da yawa, ba a san iyakar wanda ta shafa ba. Sai a 1995 aka goge ta daga kundin dokoki gaba ɗaya, yanzu haka akwai alamar tunawa da aka kafa a jikin katangar a 2011.

Abin da ya sa na daɗe a nan shi ne, hujjar da duk mai kare gayyatar shugaban ƙasar gaba yake kawowa yau, a irin wannan gwagwarmayar aka ƙera ta. Kuma in ka duba da kyau, abin da yaran nan suka ƙwato haƙƙin mai sauraro ne. Ko Kotun Ƙolin Amurka a 1972, a shari'ar Ernest Mandel, marubucin nan ɗan Beljiyam mai aƙidar Markisanci da malaman jami'a suka gayyata aka hana shi biza, ta yarda cewa malaman suna da haƙƙin su ji shi, duk da a ƙarshe ta bar wa gwamnati ikonta kan biza. A 1967 kuma wani kwamiti a jami'ar Chicago ya fitar da rahoton Kalven, wanda ya ce jami'a gida ce ta masu suka, ita kanta bai kamata ta riƙa ɗaukar ɓangare ba. Duka tunanin an gina shi ne a kan hoton ɗalibi mai tambaya da baƙo marar ƙarfi, wanda ba shi da soja ba shi da gidan talabijin, iyakar abin da ya mallaka bakinsa.

Shugaban ƙasa mai ci kuwa wata halitta ce daban. Lasifika ba ta dame shi ba, yana da ita a gida dare da rana. Abin da yake samu a jami'a wanda ba ya samu a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne hoton nan, yana tsaye a gaban tambarin makarantar da duniya ke girmamawa, malamai na zaune suna saurare. Kuma a hankali, ba tare da wani ya zauna ya tsara ba, yanayin gayyatar ya canza. Baƙo irin wannan ba ya zuwa sai da jami'an tsaro, tsaro na bukatar zaure rufaffe da tikiti da lissafin sunaye, kuɗin hakan ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiyar ɗalibai, dole makarantar ta shigo da sunanta, da ta shigo kuma sai kyamarori su biyo baya. Lokaci kaɗan ne, mutane da yawa, sai a koma tattara tambayoyi a rubuce a tace. Haka aka yi a Harvard a 1997, a Columbia ma a 2007 a kati aka rubuta tambayoyin wani ya karanto. Kowane mataki in ka ɗauke shi shi kaɗai yana da hujjarsa, amma in ka haɗa su sai ka ga taron ya fi kama da karramawa, ana kuma ci gaba da kare shi da hujjar bakin katanga.

Nan ne nake ganin ɓangarorin biyu ke saɓa hanya, kowa na magana kan abu daban. Mai cewa a bar shi ya zo yana tunanin ɗalibin da zai tashi ya yi tambayar da ba wanda ya isa ya yi a ƙasar baƙon. Matar da ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da hoton ƙaninta kuwa tana tunanin minti biyun da za a yanko a nuna a labaran dare a can gida, inda ba za a ga tambaya ba, tafi kawai za a gani. Wallahi duk biyun gaskiya suke faɗa. Kuma tarihin digirin girmamawa ya nuna cewa karramawa abu ce mai wuyar janyewa: jami'ar Edinburgh ta ba Robert Mugabe na Zimbabuwe a 1984 ta karɓe a 2007, jami'ar Massachusetts ta ba shi a 1986 ta karɓe a 2008, sama da shekara 20 a tsakani.

Taron 2007 ya nuna ƙullin a fili. Wajen mutum 600 a cikin zaure, dubbai a waje suna kallo a majigi, masu zanga-zanga sun cika bakin titi. A jawabin gabatarwa shugaban jami'ar ya yi wa baƙon kakkausar suka a gaban idonsa kafin ya buɗe baki, sai aka samu waɗanda suka ce ai da ma bai kamata a kira shi ba, da waɗanda suka ce tunda ka kira shi baƙonka annabinka ne, ba a yi wa baƙo haka. Ni ban ga yadda mai masauki zai fita daga wannan tarkon ba in dai taron ya riga ya ɗauki siffar karramawa, in ya yi shiru a ce ya amince, in ya yi magana a ce ya ci mutunci. A bakin katangar Franklin ba wanda ya shiga wannan halin don ba hukumar makaranta ce mai masauki ba, ɗalibai ne suka kira, su ne kuma suka tambaya.

Da za a tambaye ni, ba na goyon bayan rufe ƙofa, na ga inda ta kai mutane a 1963. Abin da nake so a riƙa jayayya a kai shi ne siffar taron: wa ya kira, minti nawa na jawabi minti nawa na tambaya, ko mutum zai iya tashi da bakinsa ya tambaya ya kuma sake bi in an kauce masa, ko an ware kujeru ga mutanen ƙasar baƙon da suka gudo. Waɗannan ake tsallakewa a tafi zagin juna.

Kimanin mako biyu bayan taron Columbia, a Oktobar 2007, Ahmadinejad ya je jami'ar Tehran buɗe sabuwar shekarar karatu. Ɗalibai suka taru a harabar suna zanga-zanga, a cikin kwalayen da suka ɗaga akwai wanda ke cewa me ya sa sai a Columbia kaɗai, mu ma muna da tambayoyi.