Idan wani ya ce ya gaji da rayuwa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ake maimaitawa a duk zaman da aka yi kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga amsoshinsu wuri guda.

Idan na tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa, ba zan cusa masa tunanin ba?

A'a. An bincika wannan sau da dama, tambaya ba ta haifar da tunanin. Tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Kada ka ce "ba dai wani mugun abu kake shirin yi ba ko?" Wannan ta riga ta gaya masa amsar da kake son ji, kuma ita zai ba ka.

Ai mai faɗa ba ya aikatawa?

Ku daina yaɗa wannan magana, tana jawo asarar rayuka. Da yawa daga cikin waɗanda suka mutu sun faɗa, ko sun nuna alama. Wanda ya taɓa yunƙuri kuwa, shi ya fi kowa shiga hatsari.

Waɗanne alamu ne?

Kalamai irin su "na zame muku kaya" ko "kwanan nan za ku huta da ni". Rabar da kayan da yake ji da su, neman gafarar mutane ba dalili, ƙin fita, rashin barci, ƙaruwar shaye-shaye. Akwai wadda ke yaudarar dangi: mutum ya shafe makonni cikin ƙunci, kwatsam ya natsu yana fara'a. Wani lokaci sauƙi ne, wani lokaci ya gama yanke shawara ne. A tambaye shi.

Abin ya kai a yi ta taro a kansa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Tun 2003 ake ware ranar 10 ga Satumba domin wayar da kai. Ya kai.

Ya faɗa mini, amma ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Yaya zan yi?

Wannan ita ce mai wuya, kuma amsarta ta danganta. Da farko, gara kada ka ɗauki alkawarin. Ce masa: "Ba zan yaɗa maganarka ba, amma idan ranka na cikin hatsari sai na nemo mana taimako." Idan bakin alƙalami ya riga ya bushe, to ka auna hatsarin da tambayoyi huɗu. Ya tsara yadda zai yi? Abin da zai yi amfani da shi yana hannunsa? Ya sa lokaci? Ya taɓa gwadawa?

Idan akwai tsari, ga abin a kusa, ko ya sa rana, babu sauran maganar alkawari. Kada ka bar shi shi kaɗai, a kawar da abin, a kai shi asibiti a ranar. Zai iya fushi, zai iya daina gaishe ka. Fushi yana hucewa.

Idan tunanin yana zuwa yana tafiya, babu tsari, kana da ɗan sarari, amma kaɗan ne. Ka tambaye shi wa ya yarda a sanar, ya zaɓa da kansa, ku je tare. A nan ake kuskure: ba kowane ɗan'uwa ake gaya wa ba. Idan uba ne ko miji ne tushen ƙuncin, sanar da shi na iya ƙara dagula lamarin. A nemi wanda zai saurara ba tare da zagi ko wa'azin tsoratarwa ba. Yaro ƙarami kuwa dole wani babba amintacce ya sani, ko yaron ya yarda ko bai yarda ba. Akwai kuma ƙasashen da har yanzu yunƙurin kashe kai laifi ne a dokarsu (Ghana ta soke nata a 2023), don haka ma'aikacin lafiya ake fara nema, sai fa idan ba yadda za a yi.

Kafin ku rabu, ku rubuta a takarda ko a wayarsa: alamun da yake ji idan abin zai taso, abin da ke ɗauke masa hankali, mutum biyu ko uku da zai kira da lambobinsu, asibiti mafi kusa. Ka kira shi washegari, ka sake kira bayan kwana biyu. Kuma ka sani waɗannan tambayoyi ba ma'auni ne marar kuskure ba. Mutum zai iya ɓoye tsarinsa. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗauki abin a matsayin gaggawa. Kai ma ka sami wanda za ka yi magana da shi, kayan sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Me ya sa kuke nacewa a kulle magunguna? Mai niyya ai zai nemi wata hanya.

Sau da yawa ba ya nema. Tsananin yakan zo ne na mintoci ko sa'o'i, sannan ya lafa. Sri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba, mace-macen kashe kai suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A kulle maganin feshi da ƙwayoyin asibiti, mabuɗin ya zauna a hannun wani. Wanda ke shan magani a riƙa ba shi na 'yan kwanaki kawai.

Ba mu da likitan ƙwaƙwalwa a kusa. Sai mu zuba ido?

A'a. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar asibitoci, suna sauraron masu damuwa har zama shida, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. An gwada, ya yi aiki. Sharaɗin shi ne horo, riƙe sirri, da sanin lokacin da za a miƙa mutum ga likita. Ƙungiyar da ba ta da sharaɗi na uku kada ta fara.

Ba raunin imani ba ne?

Masu ibada ma suna kamuwa da ciwon damuwa, kamar yadda suke kamuwa da hawan jini. A yi addu'a, a je asibiti. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni biyu zuwa shida kafin a ga tasirinsa. A sa ido sosai a farkon, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, kuma kada a daina shi farat ɗaya.

An yi rashi. Laifi ne in saka labarin a Facebook?

Yi ta'aziyya. Kada ka saka hoton gawa, ko hanyar da ya bi, ko wasiƙar da ya bari. Akwai mai rauni da ke karantawa, kuma kwaikwayo yana faruwa. Ku ziyarci iyalan, su ma suna cikin hatsari.

Ya riga ya sha wani abu, amma ya ce lafiyarsa ƙalau.

Asibiti, yanzu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A tafi da kwalbar ko kwalin, a faɗi lokacin da ya sha. Wasu magunguna sai bayan kwana biyu ko uku suke nuna ɓarnar da suka yi wa hanta.