Gobe da nisa: abin da ke faruwa tsakanin gona da asibiti

Ƙauyen da nake aiki yana bayan rafi biyu. Da rani, daga bakin kwalta zuwa ɗakin shan maganinmu tafiyar minti arba'in ce a babur. Da damina kuwa, in rafin farko ya kawo, sai a zauna gindin tsamiya a jira ya janye. Wutar da muke da ita ta sola ce, ita ke riƙe mana firjin allurar rigakafi, mai son buga waya kuma sai ya hau tudun bayan makarantar firamare ya ɗaga hannu sama.

Mutanen nan a waje suke rayuwa. Kafin rana ta fito magidanci ya saɓa fartanya, mata sun nufi daji itace ko tsinkar tafasa, yara sun kora awaki. Yaron da ya tashi a nan ya san lokacin nunar kanya da ɗinya da magarya, ya san kurmin da zabbin daji ke kwana, ya san ramin gafiya daga na gyare. In an gama kaka samari su kira karnuka su fita farauta, ƙanana su bi dare da tocila kamun fara. Ina son wannan rayuwa, ni ma a cikinta na girma, kuma ban taɓa ce wa kowa ya kulle ɗansa a ɗaki ba. Amma akwai abin da muke zaune da shi a gona da daji da gindin rumbu, wanda da dare ko sunansa ba ma son kamawa, sai mu ce igiyar ƙasa.

Macizan da suka fi ba mu wahala uku ne. Akwai kasa, mai kauri da nauyin jiki, wadda ke kwance a hanya ba ta gudu sai an taka ta. Saranta kan kumbura ƙafa har cinya, nama ya lalace. Akwai kumurci, mai fasa kai yana feso dafi a ido, mai shiga gida da dare neman ɓera da ƙwan kaji, har ya sari mutum yana barci a tabarma. Sai kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa, ita ce kuma ta fi kashe manoma a ƙasar nan tamu, musamman a kwarin Binuwai da duwatsun Gombe, Bauchi, Taraba da Filato. Ƴar ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu guda, launinta launin ƙasa da ɗige-ɗige, in ta kwanta cikin busasshen ganye ba ka ganinta. In ta fusata takan naɗe ta riƙa goga jikinta, ka ji wani ƙara kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Da almuru da farkon dare ta fi yawo, daidai lokacin da ake dawowa daga gona da silifa a ƙafa.

A kanta zan tsaya, don yadda dafinta ke aiki shi ke yaudarar mutane. Ba ya kayar da mutum nan take. Wurin zai yi zafi ya kumbura, amma mutum na magana, yana tafiya, har ya ci tuwo ya kwanta. A ciki kuwa dafin na cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. In sun ƙare, jini ya zama kamar ruwa: dasashi ya fara tsatsa, fitsari ya yi ja, tsohon miki da ya warke ya buɗe, mai ciki ta yi ɓari ta yi ta zubar da jini. Mafi muni shi ne jinin da ke zuba a cikin ciki ko a cikin ƙwaƙwalwa, inda ido ba ya gani. Wani sai bayan kwana biyu, uku, har mako, ya ce kansa na sarawa, daga nan sai a ji salati. Binciken likitoci a Nijeriya ya nuna cewa in ba a samu allurar kashe dafi ba, cikin mutum 100 da dafin kububuwa ya shige su, 10 zuwa 20 kan mutu. In an samu allura mai kyau a kan lokaci, adadin kan sauko ƙasa da 2.

Wata kaka, lokacin cirar gyaɗa, aka kawo mini yaro ɗan shekara goma sha biyu a goye. Ya sa hannu zai juya tarin gyaɗar da aka baza ta sha iska, abu ya sare shi a yatsa. Tun jiya da hantsi abin ya faru. Uban ya ɗaure masa dantse da robar tayar keke, aka kai shi wajen mai magani a ƙauyen gaba, aka yi masa tsaga uku a bayan hannu, aka manna baƙin dutse, aka ba shi jiƙo ya sha ya yi amai. Da dare har hira ya yi da ƙannensa. Da na kwance tsumman, tsagar nan uku na ɗiga kamar yanzu aka yi ta. Na ce ya buɗe baki, haƙoransa duk jini.

Uban ya ce, "Likita, ai ya samu sauƙi, jinin ne kawai ya ƙi tsayawa."

Na ce, "Baba, jinin nan shi ne ciwon. Ku zo ku gani."

Na ɗebi jinin yaron kaɗan na zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, na ajiye a kan tebur, muka zuba wa agogo ido. Jinin mai lafiya in ya yi minti 20 a irin wannan kwalba yakan daskare, ko ka karkata ta ba ya zuba. Da minti 20 ta cika na karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Dattijon nan bai ƙara cewa komai ba, ya fita neman babur a kai yaron asibitin da ke da allurar kashe dafi. Sai da aka yi awa ɗaya ana neman mai a gari, aka sayar da akuya a kan kuɗin da bai kai rabin darajarta ba. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi. Amma yatsan ya tafi, hannun kuma har yau bai koma daidai ba. Ina da yaƙinin robar nan da ta kwana a dantsensa ta yi masa ɓarnar da ta kusa kai ta macijin.

Ban raina masu maganin gargajiya ba, da yawansu dattawa ne da nake gaisarwa a durƙushe, kuma ba da mugun nufi suke yi ba. Sai dai a fahimci dalilin da ya sa ake ganin maganinsu na ci. Macizai da yawa ba su da dafin da ke kisa. Mai dafin ma ba kowane sara yake zuba dafi ba. Duk wanda irin wannan ya same shi zai warke ko an ba shi jiƙo ko ba a ba shi ba, sai a ce magani ya yi. Wanda dafin ya shige shi sosai kuwa, in ya rasu sai a ce kwana ya ƙare. Haka ne, kowa da ranarsa. Amma Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, ya kuma ce a nema. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan babur ana tafiya.

Akwai kuma maganar da nake ji, wai saran maciji ba ya son allura. Allurar da nake nufi ba irin ta zazzaɓi ba ce. Ana tatsar dafin macijin ne a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan-kaɗan har jikinsu ya ƙera abin da ke kashe dafin, sannan a tace shi daga jininsu. Shi ya sa dole ta dace da macizan ƙasar da ake. Wadda aka yi don macizan Indiya ba ta da tabbas a kan kububuwarmu, an kuma sha ganin asarar rai saboda irinta, don haka kada a saya a kasuwa ko a hannun mai yawo da jaka. Akwai waɗanda aka yi da dafin macizan Nijeriya: EchiTAb-G, wadda ake yi a Birtaniya don kububuwa, da EchiTAb-Plus, wadda ake yi a Kosta Rika, mai maganin kububuwa da kasa da kumurci. Ta jijiya ake sa ta, ma'aikaci na tsaye a kai, domin jikin wani kan ƙi ta, sai an yi maza an ba shi wata allurar. Yaro kuma ba a rage masa, yadda za a ba babba haka za a ba shi, tunda macijin bai rage masa dafi don ƙanƙantarsa ba. In ta dace, cikin ƴan awanni jinin dasashi ya tsaya. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba.

To, in abin ya faru, me za a yi? A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, kada ya yi gudu. A cire zobe, awarwaro, agogo, guru ko takalmi tun kumburi bai kama su ba. A samu kara ko sanda a ɗora wa hannun ko ƙafar kamar yadda ake wa karaya, a naɗe da ƙyalle sakwa-sakwa don kada gaɓar ta riƙa motsi. A ɗauke shi, kada ya taka. A babur a sa shi a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya. In yana amai ko yana neman suma, a kwantar da shi ta gefen hagu. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ƙaho, ba ɗauri, ba dutse. In an riga an yi ɗauri mai tsanani, kada a fizge shi a hanya, a faɗa wa ma'aikata da isa su kwance shi da kansu. Don zafi farasitamol kawai. Asfirin da ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis ƙara tsinka jini suke yi. Kada a tsaya farautar macijin, an sha saran mutum na biyu a wajen neman na farko, kan da aka datse ma yana iya sara. In kumurci ya yi feshi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye, sannan a zo a duba.

Asibitin da ya fi shahara da wannan aiki shi ne na masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe, kan hanyar Gombe zuwa Yola, inda ake kawo mutane har daga jihohin maƙwabta. Akwai kuma na Zamko a yankin Langtang ta Jihar Filato. Masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano sun daɗe suna jan hankalin duniya kan wannan ciwo na talaka, har a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta ɗauki alkawarin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Ƙiyasinta shi ne mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya. Ni dai na san akwai da yawa da ba su shiga wannan lissafi ba, domin a gida suka cika, a bayan gari aka binne su, babu takardar da ta ɗauki sunansu.

Kariya ba ta da wuyar faɗa. Takalmin roba mai tsawo lokacin sharar gona da girbi, ko da zafi ya dame ka. Tocila in za a fita da dare, ko zagayawa bayan gida ne. Dami da tarin gyaɗa da harawa a fara juya su da sanda. Itace da kara a jibge su nesa da ɗakin kwana, a share gindin rumbu, don inda ɓera yake nan maciji ke zuwa. A kwana cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, ya tsare sauro ya tsare na ƙasa. Ku kuma samari masu tonon gafiya, don Allah hannu ba ya shiga rami ko tsohon suri; wanda ya haƙa ramin ba lallai shi ne a ciki ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne awannin da ake ɓatawa bayan an yanke shawarar tafiya: wa ke da babur, wa ke da mai, wa zai ba da rance, wace hanya ce ruwa bai cinye ba. Duk wannan ana iya gama shi tun kafin ruwan shuka. Bayan abin da ya sami yaron nan, mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa bayan sallar Juma'a. Aka zaɓi masu babur uku da suka yarda a tashe su ko tsakar dare ne. Aka ajiye galan ɗin fetur a ɗakin shan magani, ba a taɓa shi sai don mara lafiya. Kowane gida kan kawo kwano ɗaya na hatsi da kaka, a sayar a ajiye kuɗin a hannun liman da wata dattijuwa daga ƙungiyar mata, wanda aka kai asibiti ya biya a hankali in ya samu. Ni kuma duk farkon damina da farkon kaka nakan hau tudun nan in buga waya in ji inda allurar take, don kada a yi doguwar tafiya a tarar babu.

Da daminar da ta biyo baya kububuwa ta sari wata mata a dunduniya tana dawowa daga rijiya da magariba. Surukarta ce ta hana a ɗaure, ta ce, "A kira yaran nan masu babur." Kafin a yi sallar isha sun haye rafi na biyu. Kwana huɗu ta yi a asibiti, ta dawo da ƙafarta ta ƙarasa noman gyaɗarta.