Wai boko ce ke raba yaran ƙauye da gona? Tambayoyi da amsoshi

Da gaske ne yaron da ya yi boko ba ya komawa gona?

Toh ana yawan faɗin haka, amma ni dai ban ga laifin karatun ba. Ka duba 'yan ci-rani a Legas da Fatakwal da Abuja, masu acaɓa da ga-ruwa da wankin takalmi, da yawansu ko firamare ba su gama ba kuma duk da haka sun bar gonar. Aljihu ne ke korar matashi. A gandu zai yi damina cur yana noma da babansa da yayyensa, hatsi ya shiga rumbu, maigida ke riƙe da komai, shi kuwa ko kuɗin katin waya sai ya roƙa. Ga gonar kullum ƙara tsukewa take, duk rabon gado sai an yayyanka ta.

Kenan makaranta ba ta da laifi ko kaɗan?

Tana da nata. Lokutan karatu sam ba su duba manomi ba. Shuka da noman farko a Yuni da Yuli ake yinsu, daidai lokacin jarrabawar zango na uku da ta NECO, dogon hutu kuma sai ƙarshen Yuli yake zuwa bayan an ci ƙarfin aikin, sannan a koma aji ana tsaka da girbin gero, dawa da wake na biye. Uba mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya biyan 'yan ƙwadago ba dole ya janye yaronsa, a ƙarshe yaron ya zama ba ga boko ba ga gona. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne a makarantu da yawa fartanya abar horo ce, ka makara a ce je ka nome bayan aji. Yaron da ya taso a haka ta yaya zai ga noma da daraja?

Amma ai doka ta ce dole yaro ya yi karatu ko?

Eh, dokar UBE ta 2004 ta ce shekara 9 kyauta kuma tilas, 6 a firamare 3 a ƙaramar sakandare. Makiyaya ma an kafa musu hukumar ilimi tun 1989. A takarda dai haka ne.

To me uba zai yi ɗansa ya zauna?

Ya yanka masa gayauna, tasa ta kansa, ya shuka abin da yake so ya sayar ya riƙe kuɗinsa. Ba sabon abu ba ne, haka iyaye suke yi tun da. Kuma a bar shi ya yi amfani da karatunsa a ciki, shi zai karanta yadda ake haɗa maganin feshi, ya nemo ingantaccen iri irin SAMMAZ na masara ko SAMPEA na wake da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru a Zariya ke fitarwa, ya kira ya ji farashin kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano kafin dillali ya yi masa wayo.

Da rani fa, me zai riƙe shi?

Nan ne gizo ke saƙar. Wata 7 ba ruwa ba aiki, zaman me zai yi? Je ka Kura da Kadawa da Bunkure a jihar Kano inda ruwan dam ɗin Tiga ke ratsawa, za ka tarar da samari da rani suna fama da tumatir da shinkafa da alkama. Inda babu dam ɗin kuwa, fadama da rijiyar burtsatse da injin ban-ruwa su ma suna yi, in an samu kuɗin mai.

A wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina kam maganar ta wuce wannan, 'yan bindiga sun hana zuwa gonar, makarantar ma malamai sun daina zuwa.